"Yaro ne, ya manta": yadda ciwon firgici ke bambanta tsakanin yaro da babba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata takwas ke nan da ’yan bindiga suka shigo garinmu da dare. A gonar dawa muka kwana, ni da maigida da yaranmu biyu, muna jin harbi har asuba, kuma a kan idon maigidan aka kashe maƙwabcinmu. Yanzu muna birni wurin ’yan’uwa. Maigida ba ya barci, ko ƙarar babur ya ji sai ya miƙe zumbur, kuma ba ya son a ɗauko zancen garin ko kaɗan. An kai shi asibiti, likita ya ce ciwon firgici ne da ake kira PTSD. Abin da ya ɗaure mini kai yaran ne. Ƙaramin shekararsa 5, bai taɓa maganar daren ba, yana wasansa, amma ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, kuma ko banɗaki na shiga sai ya tsaya a ƙofa yana kuka. Yayarsa mai shekara 14 ba ta da matsala, shiru-shiru ce, tana taya ni aiki. Dangi sun ce yaro ne, ya manta, shagwaɓa ce kawai, wasu kuma sun ce iska ce. Shin yaro ma yana kamuwa da irin ciwon babansa? In yana kamuwa, me ya sa nasa bai yi kama da na uban ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya jiƙan maƙwabcinku, Ya kiyaye gaba, Ya mayar muku da alheri.

Eh, yaro yana kamuwa da wannan ciwo, har ma wanda bai kai naki ba, ɗan shekara biyu ko uku. Ba zan yanke hukunci a kan yaron da ban gani da idona ba, amma duk abin da kika lissafa na sha ganinsa a ɗakin duba marasa lafiya, kuma ba shagwaɓa ba ce. Babba yana da bakin faɗin abin da ke cinsa, yana kuma da ikon kauce wa abin da ba ya so. Ɗan shekara biyar ba shi da ko ɗaya. Abin da uban zai faɗa da baki, shi ɗan da wasa yake faɗarsa, da barci, da mafitsara, da riƙe bakin zanenki.

Bari in fara da abin da ya haɗa su. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan mitsitsin sashe da likitoci ke kira amigdala, aikinsa gadi. Da ya hango haɗari sai ya yi kururuwa, zuciya ta hau dukan uku-uku, jiki ya shirya gudu, ko faɗa, ko sandarewa wuri ɗaya. Rahama ce, shi ya kai ku gonar dawa tun kafin ku tsaya shawara. Kusa da shi akwai wani sashen, hifokamfas, shi kuma kamar magatakarda yake, yana buga wa kowane abu kwanan wata da wurin da ya faru, ya ajiye shi a matsayin abin da ya wuce. A sauƙaƙe dai, in firgici ya yi tsanani, magatakardan ba ya samun yin aikinsa yadda ya kamata. Sai abin ya zauna gutsi-gutsi, ƙara daban, wari daban, hoto daban, kuma babu kwanan wata a kai. Shi ya sa in babur ya wuce, ba tunawa kawai maigidanki yake yi ba, a wurin jikinsa yanzu-yanzu abin yake faruwa. Bahaushe ya riga likita gano wannan: wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya zabura.

Kusan kowa yana shiga wannan hali a makonnin farko, kuma yawanci yana lafawa da kansa. Ba ma kiransa ciwo sai ya wuce wata guda yana hana mutum harkokinsa. Wani nazari da aka buga a 2014, wanda ya tattara bincike-bincike da dama, ya nuna kusan yara 16 cikin 100 da suka ga tashin hankali ne ke kamuwa. Adadin yana hauhawa in hannun ɗan’adam ne ya yi ɓarnar, ba hatsarin mota ko ambaliya ba, kuma ya fi yawa a mata. Alamomin da muke dubawa iri huɗu ne: abin ya riƙa dawowa mutum bai gayyace shi ba, mutum ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, tunaninsa da yanayin zuciyarsa su sauya, sannan jiki ya zauna cikin shirin ko-ta-kwana. Uba da ɗa duk suna da huɗun nan. Kamannin da suke fitowa da su ne ba ɗaya ba.

Kada ki ga laifin danginki da yawa, likitoci ma sun daɗe a kan "yaro ne, zai manta". Sunan ciwon kansa sai a 1980 ya shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin Amurka, kuma galibi da sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam aka auna shi. Wato daidai jikin babban mutum aka ɗinka rigar. Cikin abubuwan da suka buɗe idon masana a kan yara akwai abin da ya faru a garin Chowchilla na jihar Kalifoniya ran 15 ga Yuli 1976. Wasu samari uku ɗauke da bindigogi suka tare motar makaranta, suka kwashe yara 26 masu shekara 5 zuwa 14 da direbansu, suka zuba su cikin bodin wata babbar mota da suka binne a ƙarƙashin ƙasa. Bayan kusan awa 16 a ramin, direban da manyan yaran suka tona suka fito. Babu wanda ya ji mummunan rauni, aka duba su aka mayar da su gida, kowa ya ce an auna arziki. Watanni bayan haka wata likitar ƙwaƙwalwar yara, Lenore Terr, ta je ta zauna da su ɗaya bayan ɗaya, ta kuma koma bayan shekara huɗu. Ba ta samu ko yaro ɗaya da abin bai bar wa tabo ba. Suna maimaita satar a cikin wasanninsu. Suna komawa baya su nemo wani ƙaramin abu da ya faru kafin ranar, su ce ai shi ne alamar da ya kamata su gane. Da yawansu ba sa zaton za su yi tsawon rai. Kuma iyaye da dama ba su san zurfin abin ba, don yaran ba sa faɗa.

Duk lokacin da na ga hoton yaranmu ranar da aka sako su, wannan labari nake tunawa. ’Yan makarantar Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, ’yan matan Jangebe 279 a Fabrairun 2021, ’yan Islamiyyar Tegina da aka kwashe a Mayun 2021, cikinsu har da ƙanana sosai, suka yi kusan wata uku a daji. Na Chowchilla kwana ɗaya da ’yan awoyi suka yi a hannun mutanen.

To, shi babba yaya nasa yake? In na zauna da irin maigidanki, bayan ɗan lokaci zai ba ni labari da bakinsa. Zai ce yana zaune sai ya ga fuskar maƙwabcin kamar a majigi. Mafarkinsa daren ne sak, ko kusa da shi. Ya san abin da yake gudu, kuma da saninsa yake gudunsa: ba ya bin hanyar garin, in an kunna labarai sai ya tashi, in mutanen garin sun zo gaisuwa sai ya ce ba ya nan. Sannan akwai abin da ba kasafai magidanci Bahaushe ke furtawa ba sai an daɗe tare, wato kunya. "Ina kwance cikin dawa aka kashe shi, ban iya komai ba." "Na kasa kare iyalina, ga ni yau a ɗakin wani." Tun yana ƙarami aka gaya masa namiji ba ya kuka, saboda haka sau da yawa ba da firgici yake zuwa asibiti ba. Da ciwon kai yake zuwa, da faɗuwar gaba, da zafin ƙirji. A yi ta maganin olsa da taifot da hawan jini wata da watanni. Wani kuma kemis yake zarcewa ya sayi ƙwayar barci, daga nan a shiga wata matsalar. Kun yi sa’a da likitan da ya gano na maigidanki da wuri.

Yanzu ga ƙaramin. Kin ce "yana wasansa". Ina so ki samu rana ki zauna nesa kaɗan, kina tsintar shinkafa ko wani abu, ki kalli wasan da kyau ba tare da kin sa baki ba. Na taɓa ganin yaro sa’ansa da uwarsa ta ce mini lafiyarsa lau, wasa yake yi wuni. Na ba shi murafun kwalba da ’yan sanduna a ƙasa. Ya jera murafun a layi, ya ce mutane ne suna barci. Ya ɗauki sanda ɗaya yana ƙarar babur da baki, ya zo ya watsa su. Ya ɗauki murfi ɗaya ƙarami ya tura ƙarƙashin tabarma, ya sa yatsa a leɓe ya ce "shiii". Sai ya sake jera su. Sau bakwai na ƙirga kafin uwar ta ce ya isa, kuma ko sau ɗaya bai yi murmushi ba.

Yara duka suna wasan bindiga da karan dawa, wannan ba komai ba ne. Wasan lafiya yana da dariya, yana sauyawa, yau ɗan sanda ne gobe direba, in an kira shi cin abinci ya watsar ya taho. Wasan firgici kuwa ba ya sauyawa, ba ya ƙarewa da daɗi, fuskar yaron a ɗaure, kuma in ya gama ba ya samun sauƙi, sai ma ya ƙara rikicewa. Wannan wasan shi ne madadin hoton da ke faɗo wa babansa. Haka mafarki: na uba yana da labari, na yaro sau da yawa ba shi da shi. Zai farka da ihu, ki tambaye shi ya ce dodo ne, ko kare, ko ya ce bai sani ba. Kada rashin ’yan bindiga a mafarkin ya sa a ce ba shi da alaƙa da daren.

Gudun abin da ke tuna masa ma daban yake, don yaro ba shi ke zaɓar inda za a kai shi ba. Ba zai ce "ba na son bin hanyar nan" ba. Sai dai a ga ya ƙanƙame ƙofa yana birgima in za a fita da magariba, ko ya ƙi cin wani abinci, ko ya tsani wani baƙo mai rawani ko mai wata irin murya, a rasa dalili. A gida sai a ce taurin kai ne. Kuma da yake ba shi da kalmar "gabana yana faɗuwa", sai ya ce cikinsa ke ciwo.

Sai abin da babba ba ya yi sam, wato komawa baya. Yaro kullum cikin hawa yake, bana ya daina fitsarin kwance, baɗi ya iya kwana shi kaɗai. Firgici yana sa ya sauko daga matakin da ya hau na baya-bayan nan, ya koma inda ya fi jin aminci. Wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi, wanda aka yaye ya koma neman nono ko tsotsar yatsa, mai magana tiryan-tiryan ya koma gwaranci ko in’ina, wani ya ce sai an goya shi. Tsayuwar da yake yi a ƙofar banɗaki ba irin ƙiwar da kika sani ba ce. A lissafinsa, daren nan ya koya masa cewa mutane suna ɓacewa ba sallama, saboda haka ba zai bari ki fita daga idonsa ba.

Akwai kuma tunanin yarinta da ya kamata ki sani. Ɗan shekara biyar yana ganin duniya a kansa take juyawa. Zai iya ɗauka don ya yi rashin ji da rana ne mutanen suka zo, ko don ya yi tari a gonar ne aka ji su aka kashe maƙwabcin. Ba zai faɗa ba sai an buɗe masa ƙofa. A shekarunsa ma bai gama gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa ba, shi ya sa za ki ji ya tambayi mamacin yau, a ba shi amsa, jibi ya sake tambaya.

Saboda irin waɗannan ne aka daɗe ana auna ƙananan yara da ma’aunin manya ana cewa lafiyarsu ƙalau. Yaya za ka tambayi ɗan shekara huɗu ko yana jin ya yanke ƙauna da rayuwa? Wasu likitoci biyu a Amurka, Michael Scheeringa da Charles Zeanah, tun shekarun 1990 suke nuna cewa ma’aunin yana zubar da yara da yawa masu ciwon. Sai a 2013 aka ware wa ’yan shekara 6 zuwa ƙasa nasu ma’aunin, wanda ya rage dogaro da abin da yaro zai faɗa, ya koma kan abin da ake gani yana yi.

’Yan shekara bakwai zuwa sha biyu ba ki da su, amma don masu karatu: nasu a makaranta ya fi fitowa. Hankali ba ya zama wuri ɗaya, hadda ba ta zama, yaron da ke zuwa na uku ya koma na talatin, ga faɗa da tsokana, ga zancen ramuwa, "in na girma soja zan zama in kashe su duka". Da yawa bulala suke sha a kan daƙiƙanci ko ƙiriniya alhali rashin barci ne da tsoro.

Maganar da ta fi tsaya mini a wasiƙarki ita ce ta yayarsa. "Ba ta da matsala, shiru-shiru ce, tana taya ni aiki." Wataƙila haka ne, Allah Ya sa. Amma ki tambayi kanki: da ma can haka take, ko bayan daren ta zama haka? Tana da ƙawaye a nan? Tana dariya irin ta da? Tana barci, ko kwanciya kawai take yi? Alamomin matashi sun fi kusa da na babba, tana iya ganin hoton daren, tana iya gudun zancen da saninta, amma tana da dalilan ɓoyewa da suka fi na kowa. Ta ga babanta ya karye, ta ga ƙaninta ya rikice, ta ga ke kina fama, sai ta yanke wa kanta cewa ita ba za ta ƙara muku kaya ba. Mu kuma a al’adarmu yarinya mai shiru da aiki ita ce ta gari, sai mu yi ta yabon abin da ya kamata ya sa mu tsaya mu duba. Namiji a shekarunta ya fi fitar da nasa waje, da faɗa, da yawon dare, da tukin ganganci, da ƙwaya. Mace ta fi haɗiyewa, ya fito ta ciwon kai, rashin cin abinci, kuka a ɓoye, wani lokaci suma ko sandarewa, wadda nan da nan ake cewa aljanu ne. Kuma dukansu suna iya daina hango gobe: karatun me, ai ba daɗewa za mu yi ba.

A nemi wadda take sakin jiki da ita, ko ke, ko gwaggonta, ko wata yayarta, a zauna da ita ba a gaban mutane ba, kuma ba sau ɗaya ba. A daren gudu akan rabu na ɗan lokaci, akan ga abin da iyaye ba su san an gani ba, wani lokaci akan yi wa yarinya abin da kunya ba za ta bari ta faɗa ba. Ba cewa nake ya faru ba, cewa nake a bar ƙofar a buɗe. In ta taɓa cewa gara ta mutu, ko ta huta da duniya, kada a tsaya a "ki yi istigfari" kawai, a kai ta asibiti a ranar. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin, sauƙi ma take kawowa. Kuma don Allah kada a ce aure ne maganinta.

Bambancin da na fi ba muhimmanci shi ne wannan. Babba da kansa yake auna haɗari. Yaro a fuskar babba yake karanta shi. A lokacin yaƙin duniya na biyu, Anna Freud da Dorothy Burlingham sun kula da ƙananan yara a Landan ana ruwan bama-bamai, suka lura cewa rabuwa da uwa, da irin firgicin da uwar ke nunawa, sun fi girgiza yaran a kan ƙarar bam ɗin kanta. Bincike na baya ya yi ta tabbatar da cewa halin da iyaye ke ciki yana cikin manyan abubuwan da ke nuna ko yaro zai warware ko a’a. Ɗanki yana kallon babansa yana zabura sau goma a rana. Kowace zabura tana gaya masa har yanzu ba a tsira ba. In kuma ciwon ya sa uban saurin fushi da tsawa, ko ya sa ya janye jikinsa daga yaran, abin ya zama biyu. Wannan ba laifin maigidanki ba ne, ciwo ne, amma ki gaya masa maganin da yake nema rabin maganin ɗansa ne. Na ga maza da yawa da suka ƙi zuwa asibiti don kansu, suka zo don ’ya’yansu.

Ke kuma, Malama, kin lissafa mutum uku, alhali ku huɗu kuka kwana a gonar. Ba ki ce komai a kan barcinki ba.

Wani abin kuma, maigidanki yana da shekaru masu yawa na zaman lafiya kafin daren, ya san yadda duniya take in babu harbi, can yake ƙoƙarin komawa. Ɗan shekara biyar bai tara wannan jarin ba, da abin da ya gani yake gina fahimtarsa ta duniya, ƙwaƙwalwarsa ma ba ta gama ginuwa ba, sashen gaba mai taka wa tsoro birki sai an haura shekara ashirin yake kammala. Wannan yana da fuska biyu. Yaro yana saurin karɓar magani in an kama da wuri. In kuma an bar shi, ba lalle ya wuce da girma ba. A garin Aberfan na yankin Wales, a Oktoban 1966, tulin dattin ma’adinin kwal ya zaftaro kan wata firamare, yara 116 da manya 28 suka mutu. Bayan shekara 33 aka nemi waɗanda suka tsira suna yara, cikin waɗanda aka samu kusan rabi sun yi ciwon a wani lokaci, kuma kusan kashi 29 cikin 100 har lokacin suna tare da shi.

Maganar iska: ba ni da ja da addu’a, ki tofa masa, ki karanta masa abin da ya sawwaƙa lokacin kwanciya, muryarki a hankali kusa da kunnensa ma magani ce. Abin da ba na so shi ne a danne yaro, a yi masa hayaƙi, a yi ta ihu a kansa ko a doke shi da sunan fitar da aljani. Wanda tsoro ya kama ba a warkar da shi da wani tsoron. Ta ɓangarenmu kuma, kafin a ɗora komai a kan firgici sai an gwada fitsarinsa, don ciwon mafitsara, tsargiya da ciwon suga duk suna dawo da fitsarin kwance. In yana ƙura ido ya ɗauke na ’yan daƙiƙu, ko yana faɗuwa, a duba farfaɗiya.

Magani ma ya bambanta. A babba da yaro duka, wanda ya fi inganci shi ne na zama da ƙwararre, a bi labarin daki-daki cikin natsuwa har magatakardan nan ya samu ya buga masa kwanan wata. Na yara yawanci zama 12 zuwa 16 ne, wani lokaci ya fi haka, kuma tare da uwa ko uba ake yi, da zane da wasa maimakon dogon bayani. Akwai wata hanya da masana daga jami’ar Konstanz ta Jamus suka tsara, aka yi aiki da ita a sansanonin ’yan gudun hijira a Yuganda, wadda nake so don ba ta buƙatar kayan aiki. Igiya ake shimfiɗawa a ƙasa a ce wa yaro wannan rayuwarka ce, ya ɗora fure a kan kowane abin daɗi, dutse a kan kowane abin tsoro, sauran igiyar a bar ta a naɗe, ita ce gaba. Sai ya ga daren nan dutse ɗaya ne, akwai furanni kafinsa, kuma igiyar ba ta ƙare a kansa ba. Ƙwayoyi kuwa, akwai irin su sataralin da ke taimakon manya in likita ya rubuta, amma a yara gwaji bai nuna amfaninsu ga wannan ciwo ba, hukumar da ke tsara ƙa’idojin magani a Ingila ma a 2018 ta ce kada a ba ’yan ƙasa da shekara 18 ƙwaya don shi. Baliyam da danginta kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2013 ta yi gargaɗi a kan ba da su bayan tashin hankali, ga babba ko yaro. Kada a ɗiba daga maganin uba a ba ɗa don ya yi barci.

Kafin ku samu ganin likita, akwai abin da ke hannunki. Kada a doke shi ko a kunyata shi a kan fitsarin, kada a bari yaran gidan su riƙa ce masa amalala. A sa leda a ƙarƙashin shimfiɗa, a rage ruwa da dare, a tashe shi ya zaga kafin ki kwanta, da safe a wanke ba surutu. In za ki fita kada ki sulale, wannan yana tabbatar masa da abin da yake tsoro. Ki ce "zan je kasuwa, zan dawo kafin la’asar", kuma ki dawo kafin la’asar. Lokacin abinci da na barci su zama ɗaya kullum. In ya yi tambaya a ba shi gaskiya gajeriya daidai kansa: mugayen mutane sun zo, mun ɓuya, Baba wane ya rasu ba zai dawo ba, ba laifinka ba ne, yanzu muna nan tare. Kada a ce masa mamacin ya yi tafiya, sai ya koma tsoron duk wata tafiya. Kada a tilasta masa ba da labari, musamman irin na masu zuwa jaje, "zo ka gaya wa Baffa abin da ka gani". A kuma daina kallon bidiyon gawarwaki na WhatsApp da zancen wa aka sace jiya a gabansa, yana wasa amma kunnensa na wurinku. Wasan nasa kuma kada a hana shi. In ya saba da zamanki kusa, kina iya tambayarsa a hankali, "to sai me ya faru? Wa ya zo ya taimake su?" Ranar da kika ga wani ya fara zuwa ceto a cikin wasan, ko ƙaramin murfin ya fito daga ƙarƙashin tabarma, sauƙi ya fara samuwa.

Tunda an kai wata takwas, lokacin jira ya wuce. Ku fara da likitan da ke duba maigida, ku ce a haɗa ku da mai duba yara. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika, duk wuraren tambaya ne, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Kafin ranar, ki samu ɗan littafi ki yi mako biyu kina rubutawa: daren da ya yi fitsari, daren da ya farka da ihu, abin da ya faru da rana kafin nan, abin da ke sa shi birgima, da yadda wasan yake farawa da yadda yake ƙarewa. Ki tafi da littafin, ki tafi da yayar tasa ko da ta ce lafiyarta ƙalau, ki kuma roƙi likitan ya gan ta ita kaɗai na ’yan mintoci.